Ruth Patrick: Matar da ta mayar da halittun rafi shaidu a kan masu gurɓata ruwa

Duk inda aka yi jayayya a kan gurɓacewar kogi, magana ɗaya ce ke raba gardama, ita ce hujja. Masunci zai rantse cewa kifi ya ƙare. Mai masana'anta zai ce abin da yake zubarwa bai taka kara ya karya ba. Jami'in gwamnati zai zo ranar da aka san da zuwansa, ya ɗebi ruwa a kwalba, sakamako ya fito lafiya lau. Daga nan sai a rufe fayil, kogi kuma ya ci gaba da mutuwa.

Ruth Patrick, masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Amurka wadda ta rasu a ranar 23 ga Satumba, 2013 tana da shekara 105, ta ƙarar da rayuwarta wajen toshe wannan kafa. Ta nuna cewa halittun da ke zaune cikin rafi suna riƙe da tarihin duk abin da aka zuba masa, kuma wanda ya iya ƙirga su zai iya faɗin halin da ruwan yake ciki ko da an ɓoye masa gaskiya. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Aikin Patrick shi ne samar da ma'aunin da za a gane tsamin da shi, a kuma bi sawunsa har zuwa inda ya samo asali.

Yarinta da karatu

An haife ta ranar 26 ga Nuwamba, 1907 a garin Topeka na jihar Kansas, ta kuma girma a birnin Kansas City. Mahaifinta, Frank Patrick, lauya ne, amma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne ƙananan halittun ruwa. Yakan ɗauki 'ya'yansa mata zuwa bakin rafi su ɗebo ruwa da gansakuka, a dawo gida a duba su a na'urar hangen ƙananan halittu. Tana da shekara bakwai ya ba ta tata na'urar.

A wancan zamani ba a sa ran 'ya mace daga gidan masu hali za ta yi wa kimiyya hidima. Sai a 1920, lokacin tana da shekara 12, kundin tsarin mulkin Amurka ya tabbatar wa mata 'yancin jefa ƙuri'a a faɗin ƙasar. Ta yi digirinta na farko a Kwalejin Coker da ke jihar Karolina ta Kudu, wadda a lokacin makarantar mata ce, ta kammala a 1929. Daga nan ta wuce Jami'ar Virginia, inda ta sami digiri na biyu a 1931 da digirin digirgir a 1934. A 1931 ta auri Charles Hodge, masanin ƙwari, amma ta ci gaba da amfani da sunan mahaifinta a duk rubuce-rubucenta na ilimi, kamar yadda mahaifin ya roƙa.

Mece ce dayatom?

Halittar da ta zaɓa ta ƙware a kanta ita ce dayatom, wani dangin gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya tak, wadda ido ba ya iya gani. Tana samar da abincinta daga hasken rana kamar tsiro, tana kuma gina wa kanta ɓawo da sinadarin silika, wanda da shi ake yin gilashi. Kowane nau'i yana da zanen ɓawonsa na daban, kuma nau'o'in sun kai dubbai masu yawa. Santsin da mutum ke ji a kan dutsen da ke cikin rafi, galibinsa su ne.

Abubuwa biyu suka sa dayatom ta zama abin dogaro. Na farko, kowane nau'i yana da irin ruwan da yake so: wani sai ruwan gishiri, wani sai ruwan daɗi, wani yana jure ƙazanta, wani kuma da an ɗan taɓa ruwan zai ɓace. Na biyu, ɓawonta ba ya ruɓewa da sauri, yakan kwanta a ƙasan tafki tsawon dubban shekaru. Mutanen yankinmu ma sun san wannan ɓawo ko da ba su san sunansa ba, domin wani kaso na ƙurar hunturu yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda ƙasar take shimfiɗe da ɓawon dayatom ɗin da suka rayu lokacin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa.

Irin wannan karatu na tarihin ruwa Patrick ta fara da shi. Da ta bincika laka daga ƙarƙashin Babban Tafkin Gishiri na jihar Utah, ta sami ɓawon nau'o'in da ba sa rayuwa sai a ruwan daɗi, abin da ya nuna cewa tafkin bai kasance na gishiri tun fil azal ba. A nan tunanin da ya zama ginshiƙin aikinta ya fara tsiro: idan matattun dayatom za su ba da labarin ruwan jiya, masu rai za su iya ba da labarin ruwan yau.

Shekarun aiki ba albashi

A 1933 ta fara zuwa Cibiyar Nazarin Kimiyyar Halittu ta Filadelfiya, wadda aka kafa tun 1812, domin a nan ne ake da ɗaya daga cikin manyan taskokin samfurin dayatom a ƙasar. Lokacin ana tsakiyar karayar tattalin arziki, kuma ko da babu karayar, ba a saba biyan mace a irin wannan aiki ba. Ta shiga a matsayin 'yar sa kai. A 1937 aka ba ta muƙamin mataimakiyar mai kula da sashen, amma ba tare da albashi ba. Sai a 1945 aka fara biyan ta, shekara 11 bayan ta zama dakta.

A cikin waɗannan shekaru ta tattara samfuran da ke warwatse, ta tsara su, ta yi musu rajista, har taskar ta zama wurin da masana daga ƙasashe daban-daban ke komawa. Aiki ne mai cin rai wanda ba ya kawo suna, amma shi ya ba ta idon da take gane ɗaruruwan nau'o'i da kallo ɗaya. A 1947 ta kafa sashen nazarin koguna da tafkuna a cibiyar, ta zama shugabarsa.

Binciken rafin Conestoga

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masana'antun jihar Pensilvaniya suna bunƙasa, kogunanta kuma suna ɗaukar najasar birane, dagwalon kamfanoni da ruwan ma'adinan kwal. Wani babban jami'in kamfanin mai na Atlantic Refining, William Hart, ya saurari wata lacca da Patrick ta gabatar a kan dayatom, ya ga cewa za a iya amfani da iliminta wajen auna gurɓacewa. Shi ya nemo kuɗin binciken, ya kuma tsaya a kan cewa ita za ta jagorance shi, a lokacin da bai zama al'ada mace ta shugabanci tawagar maza masana ba.

A 1948 ta shiga yankin rafin Conestoga da ke gundumar Lancaster tare da tawagar da ta haɗa masanin sinadarai, masanin ƙwayoyin cuta, da ƙwararru a kan gansakuka, ƙwari, kifi da sauran halittun ruwa. Sun zaɓi yankin ne saboda yana ɗauke da kowane irin yanayi: akwai ƙoramu masu tsabta, akwai waɗanda ke karɓar takin gonaki, akwai masu ɗaukar najasa, akwai masu shan gubar masana'antu. A kowane wuri sukan auna sinadaran ruwan, sannan su ƙirga duk nau'in halittar da suka samu.

Kafin ita, masana biyu na Jamus, Richard Kolkwitz da Maximilian Marsson, sun riga sun nuna tun farkon ƙarni na 20 cewa wasu halittu alama ce ta ƙazantar ruwa. Abin da Patrick ta ƙara shi ne kallon al'ummar rafin gaba ɗaya. Sakamakon da ta wallafa a 1949 ya nuna tsari mai maimaita kansa. Rafi mai lafiya yana ɗauke da nau'o'i masu yawa, babu wanda ya mamaye saura. Inda najasa ko taki ya yi yawa, nau'o'i da dama sukan ɓace, 'yan kaɗan masu juriya su hayayyafa su cika wurin. Inda kuwa guba ce ta shiga, nau'o'in da adadinsu duka sukan faɗi. A kan haka ta kasa rafuka zuwa masu lafiya, masu rangwamen lafiya, gurɓatattu da waɗanda suka gurɓace matuƙa.

Muhimmancin wannan a fili yake. Gwajin sinadarai yana faɗin abin da ke cikin ruwa a daidai lokacin da aka ɗebe shi. Kamfanin da ya saki dagwalo da tsakar dare zai iya tsallake gwajin safe, tunda ruwan ya riga ya wuce. Amma katantanwa da tsutsar ƙwari da dayatom ba su da inda za su gudu. Duk abin da ya ratsa ta kansu zai bar tabo na makonni ko watanni. Shekaru bayan haka, masanin muhalli Thomas Lovejoy ya raɗa wa wannan fahimta sunan ƙa'idar Patrick, wato yawan nau'o'in halittu a wuri shi ne madubin lafiyar wurin.

Na'ura mai sauƙi, tambayoyi masu zurfi

Tura tawagar masana zuwa kowane rafi abu ne mai tsada. Don haka a 1954 ita da abokan aikinta suka gabatar da wata na'ura da ake kira dayatomita: ɗan akwati mai iyo, ɗauke da siraran gilasai, wanda ake ɗaurewa cikin ruwa na kimanin mako biyu. Dayatom sukan manne a jikin gilasan su yi gida. Idan aka ciro, sai a ƙirga nau'o'in da yawan kowane, a zana jadawali, a kwatanta na saman bututun kamfani da na ƙasansa. Bambancin da ke tsakanin biyun shi ne hujjar.

Na'urar ta yi amfani har a fagen nazari tsantsa. A 1967 Patrick ta wallafa gwajin da ta yi da gilasai masu girma daban-daban, inda ta nuna cewa yawan nau'o'in da za su zauna a wuri ya danganta da faɗin wurin da kuma yawan baƙin da ruwa ke kawowa. Wannan ya zo daidai da ra'ayin da Robert MacArthur da Edward Wilson suke ginawa a kan halittun tsibirai a daidai wannan lokaci.

A 1955 ta jagoranci tawaga zuwa yankin kogin Amazon a ƙasar Peru, domin ta gwada ko abin da ta gani a Amurka yana aiki a ƙasashe masu zafi. Daga baya, ita da Charles Reimer suka fitar da babban kundin dayatom na Amurka, juzu'i na farko a 1966, na biyu a 1975, wanda ya zama abin dubawa ga duk mai wannan fanni. Ta kuma koyar a Jami'ar Pensilvaniya fiye da shekara 30.

Cibiyar Stroud da waɗanda suka biyo baya

A 1967, tare da attajiri Dixon Stroud da matarsa Joan, ta kafa cibiyar binciken ruwa ta Stroud a gefen rafin White Clay, domin a sami wurin da za a zauna da rafi ɗaya ana nazarinsa shekara da shekaru. Daraktan cibiyar na farko, Robin Vannote, shi ne ya jagoranci wasu masana huɗu wajen wallafa maƙalar 1980 da ta bayyana kogi a matsayin abu ɗaya mai sauyawa a hankali daga tushe zuwa bakin teku: a sama, inda bishiyoyi suka rufe ƙorama, halittu suna rayuwa a kan ganyen da ke faɗowa, a tsakiya, inda rana ke shiga, gansakuka ce abinci, a ƙasa kuma, sai ɓarɓashin da ruwa ya kwaso daga sama. Patrick ba ta cikin marubutan, amma a gidan da ta gina aka haifi tunanin, kuma maƙalar tana cikin waɗanda aka fi ambata a fannin har yau.

Darasin siyasa da ke cikin wannan ba ƙarami ba ne. Idan kogi abu ɗaya ne, wanda ya sare bishiyoyin bakin ƙorama a can sama ya taɓa abincin masuncin da ke can ƙasa, ko da suna jihohi daban-daban.

Daga bakin rafi zuwa zauren doka

A shekarun 1960 gurɓacewar ruwa ta zama batun siyasa a Amurka. A 1969 kogin Cuyahoga da ke birnin Cleveland ya kama da wuta saboda yawan mai da tarkacen da ke kansa. Patrick ta ba Shugaba Lyndon Johnson shawara a kan gurɓacewar ruwa, ta kuma yi aiki da 'yan majalisa a lokacin da ake tsara dokar tsabtar ruwa ta 1972. Shugaba Richard Nixon ya hau kujerar na-ƙi saboda tsadar aiwatar da ita, majalisun biyu suka rinjaye shi a watan Oktoban shekarar. Dokar ta haramta zuba dagwalo ta bututu cikin ruwan ƙasa ba tare da lasisi ba, kuma ta sanya lafiyar halittun ruwa cikin manufofinta, kafaɗa da kafaɗa da tsabtar sinadarai. Wannan shi ne abin da Patrick take faɗa tun 1949.

Daga nan hanyar ta bazu. A 1981 James Karr ya fito da ma'aunin lafiyar rafi ta hanyar kifaye. Dokar ruwa ta Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta wajabta wa ƙasashe auna koguna da halittun cikinsu, kuma dayatom na cikin waɗanda ake dubawa.

Sai dai hujja kaɗai ba ta motsa gwamnati. A 1982 gwamnatin Ronald Reagan ta naɗa kwamitin masana ƙarƙashin William Nierenberg, Patrick na ciki, domin ya duba batun ruwan sama mai asid da hayaƙin tashoshin kwal ke haddasawa. Kwamitin ya ga cewa abin da aka sani ya isa a fara rage hayaƙin. Rahoton bai fito ba sai a 1984, kuma masana tarihi Naomi Oreskes da Erik Conway sun nuna daga baya cewa an sassauta kalaman taƙaitaccen bayaninsa bayan fadar shugaban ƙasa ta sa baki. Dokar da ta magance matsalar ba ta samu ba sai a 1990.

Zama da kamfanoni

Ɓangaren rayuwarta da ya fi jawo muhawara shi ne alaƙarta da manyan kamfanoni. An haife ta shekara ɗaya da Rachel Carson, wadda littafinta na 1962 a kan magungunan kashe ƙwari ya tayar da jama'a, ya kuma sa kamfanonin sinadarai suka yi mata caa. Patrick ta bi wata hanya dabam. Ta yi imani cewa mutane ba za su daina buƙatar masana'antu ba, don haka gara masani ya shiga ciki ya nuna musu ɓarnarsu da alƙaluma.

Tun 1951 sashenta ya fara nazarin kogin Savannah, inda kamfanin DuPont ke gina wa gwamnati tashar sarrafa sinadaran makaman nukiliya. Ta fara awon ne kafin tashar ta soma aiki, kuma aka ci gaba da shi tsawon gomman shekaru, har ya zama ɗaya daga cikin mafi daɗewar bayanan kogi a ƙasar. Hikimar a nan ita ce, wanda bai san yadda kogi yake kafin a kafa masana'anta ba, ba shi da abin da zai kwatanta da shi ranar da za a je kotu.

A 1975 ta zama mace ta farko a kwamitin daraktocin DuPont, ta kuma zauna a na kamfanin wutar lantarki na Pensilvaniya. A daidai lokacin, DuPont yana jayayya da masanan da suka yi gargaɗi a 1974 cewa iskar sanyaya firiji da yake sayarwa tana lalata rufin ozon na sararin sama, kuma bai amince zai daina yin ta ba sai a 1988. A 2017 kamfanin da wani reshensa da ya ɓalle suka amince su biya kimanin dala miliyan 670 ga dubban mutanen da suka kai ƙara a kan sinadarin PFOA da ya shiga ruwan shansu a yankin Parkersburg. Ba a kan aikin Patrick aka yi wannan shari'a ba, amma ta tuna wa kowa abu biyu: zaman masani ɗaya a teburin daraktoci ba ya sauya halin kamfani, kuma akwai gubar da ke taruwa a jinin ɗan Adam alhali kogin yana nan da kifinsa.

Masu suka suna da hujjarsu, domin an ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu kare ta kuma suna nuna cewa hanyar da ta ƙirƙiro a buɗe take: an wallafa ta, kowa zai iya jefa gilashi a ruwa ya ƙirga da kansa, kuma hukumomi da ƙungiyoyin sa kai sun yi amfani da irinta wajen kama kamfanoni da laifi. Duka ɓangarorin biyu suna kan gaskiya gwargwado. Abin da ya kare mutuncin aikinta shi ne cewa ana iya maimaita shi ba tare da izinin wanda ya biya kuɗin ba.

Karramawa da ƙarshen rayuwa

An zaɓe ta cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Ƙasa a 1970, lokacin da matan da suka taɓa shiga ba su wuce goma sha ba. Daga 1973 zuwa 1976 ta shugabanci hukumar gudanarwar cibiyar da ta yi wa aiki kyauta, mace ta farko da ta hau kujerar. Ta karɓi lambar yabo ta Tyler a 1975, Shugaba Bill Clinton kuma ya ba ta lambar kimiyya ta ƙasa a 1996. Ta ci gaba da zuwa ofis tana rubuta jerin littattafanta a kan kogunan Amurka har bayan ta haura shekara 90. Ta rasu a Lafayette Hill, kusa da Filadelfiya.

Dokar da ta taimaka aka kafa ba ta tsira daga ja-in-ja ba. A 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta taƙaita irin fadamun da dokar ke karewa, abin da ya fitar da wurare masu yawa daga ƙarƙashin kulawar gwamnatin tarayya. Doka takan faɗaɗa ko ta tsuke gwargwadon wanda ke riƙe da mulki. Abin da Patrick ta bari wanda hukuncin kotu ba ya sokewa shi ne tsarin aiki: a auna kogi kafin a taɓa shi, a ci gaba da aunawa shekara bayan shekara, a ajiye samfurin, a kuma buɗe alƙaluman ga kowa. Al'ummar da ta yi haka tana da abin riƙewa ranar da mai masana'anta da jami'in gwamnati suka haɗa baki suka ce ruwan lafiyarsa ƙalau.